Sunan Baffa a Ƙasan Takarda

Zuwa ga Hajja Aminat,

"Sha shayinki, ya Ustaza, kada ya huce." Abin da yayan mahaifina ya ce mini ke nan ranar Juma'ar da ta wuce, kuma saboda wannan maganar nake rubuto miki. Ki taimake ni da shawara. Ni ba mai yawan tambayar mutane ba ce, na saba a tambaye ni, amma wannan karon na juya al'amarin ta kowane gefe ban ga hanya ba.

Na san idan aka karanta maganar haka, babu abin damuwa a cikinta. Tsoho ya ba 'yar ƙaninsa shayi, ya kira ta da sunan girma. Sai dai wannan tsohon bai taɓa ce mini Ustaza ba. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka tun ina rarrafe "Uwata" yake kirana. Da mahaifina ya rasu shi ya ɗauke ni. Da audugar gonarsa ya biya mini jami'a a Madani, kuma ranar da na karɓi takardar shahadar kammalawa, a gaban malamaina da rigunansu, "Uwata" ya ƙwala mini daga bayan zaure. Yanzu na zama Ustaza, ana zuba mini shayi a kofin baƙi.

Bari in fara daga farko. Ba zan faɗi sunan ƙauyenmu ba, yana bakin kogi ba nisa da Sinja, kuma sunayen da zan ambata duk na aro ne. Shi tsohon zan ce masa Baffa, don haka nake ce masa.

Da muka dawo gida bayan gudun da yaƙi ya sa mu, abin da ya fi ɓata wa mutane ba tukunya ba ce ko gado, takardu ne. Takardar haihuwa, shahadar makaranta, takardar gona, katin asibiti. Mai sa'a yana da hotonsu a waya, ko wani ɗan'uwa a Saudiyya ya turo masa. Amma ofis ba ya karɓar waya, takarda yake so, kuma don buga shafi ɗaya sai mutum ya kashe yini da kuɗin mota zuwa Sinja. Sai 'yan ƙauyenmu da ke aiki a waje suka haɗa hannu suka aiko da kwamfuta uku, da firinta ɗaya, da sola. Baffa ya ba da tsohon shagonsa da ke jikin gidansa, ɗaki mai ƙofa biyu, ɗaya ta titi, ɗaya ta tsakar gida. Dattawa suka kafa lajna, wato kwamiti, ni kuma da yake kwamfuta na karanta, aka miƙa mini makulli.

Baffa bai taɓa sa hannu a kwamfuta ba, bai kuma yi niyya ba. Gadonsa na igiya yake ja zuwa bakin ƙofar cikin nan, ya kishingiɗa yana sauraron ƙarar firinta. Hajiya yake ce mata, wai don sai ta ga dama take aiki. In ta cinye takarda ya ce, "Ku lallaɓa Hajiya, yau ba ta karya da wuri ba." Ta wannan ƙofar matarsa Inna Mero take shigo mana da jabana, wato gahawa, kowa ya sha, har wanda ya zo kallo. Takarda ko tawada in sun kusa ƙarewa, ba a cewa komai. Baffa zai shiga Sinja ranar kasuwa, da yamma a ga kwali a kan tebur. Wani lokaci kwali guda, wani lokaci rabi. Kowa ya san daga inda yake fitowa, ba wanda ya taɓa tambayar nawa ne.

Ni na tambaya, amma a zuciyata. A gidan nake cin abinci, na ga riɗinsa bai yi kyau ba a bara, na kuma ga awakin Inna Mero suna raguwa ɗaya bayan ɗaya, kowace ana cewa ta tsufa. Ban taɓa ganin garken da tsufa ya kama shi daidai da ranar da tawada ke ƙarewa ba. Ina kuma ganin abin da ake bugawa. Ban da takardun da na ambata, Mahadi mai lori ya buga hoton motarsa mai launi, ta gaba da ta baya. Wani ya buga littafin fassarar mafarki gaba ɗaya, ya manta shi a kan taga. Katin biki kuwa, har na waɗanda ba a sa rana ba. Dukansu da kuɗin akuyar gidan Baffa aka buga su.

Don haka na yi abin da aka koya mini. Na sa manhajar da ke ba kowane mutum sunansa da lambar sirrinsa. Kafin firinta ta motsa sai ka shiga da sunanka, ita kuma ta riƙe shafi nawa ka buga, baƙi ne ko mai launi, ƙarshen wata ta faɗi abin da ya hau kanka. Kuɗin ba yawa, iyakar abin da zai mayar da takarda da tawada. Har yanzu, Hajja, in kika tashe ni daga barci zan ce miki tsarin daidai ne.

Na kai maganar gaban lajna. Baffa ne kaɗai ya ƙi. Ya ce wanda ya shigo ɗakin nan baƙonsa ne, shi kuwa bai taɓa zama yana ƙirga abin da baƙo ya ci ba. Da na ce awaki ne damuwata, da ya ji kunya a gaban maza, don haka ban faɗa ba. Abin da na faɗa ya fi shi muni. Na ce, "Baffa, wannan ba karamci ba ne, rashin lissafi ne." Maganar ta fito sumul, kamar yadda nake amsa tambaya a aji. Dattawa suka yi dariya. Shi ma ya yi dariya, ya ce, "To, Uwata ta yanke." Na koma gida ina jin na cece shi.

Sunansa na fara buɗewa a manhajar, don girmamawa. Da wata ya ƙare na buga takardar kowa da kowa, na manna a ƙofar titi don kada a yi gardama wajen biya. Manhajar tana jero sunaye daga wanda ya fi bugawa zuwa wanda ya fi ƙaranci. Da danna wuri biyu zan iya sauya jerin, ko in cire wanda bai buga komai ba. Na ga Mahadi a sama. Na ga Baffa a can ƙasa, da sifiri a gaban sunansa. Na tsaya na dube shi, sannan na bar shi. A tunanina kowa zai karanta yadda na karanta: ga wanda ya fi kowa ci, ga kuma wanda ya ba da ɗaki bai ci komai ba. Har na ɗan ji daɗin yadda Mahadi zai sunkuyar da kai.

Abin da na manta, duk da a nan aka haife ni, shi ne mutanenmu sun san takarda mai sunaye da kuɗi a gabansu tun kafin a haifi kwamfuta. A wurin biki ko rasuwa, akwai mai zama da biro yana rubuta gudummawar kowa, kashfi muke ce masa, kuma wanda ya fi kowa lamba shi ya fi kowa hannun kyauta. Ba su da wata hanyar karanta irin wannan takardar. Da aka fito daga masallaci aka taru a ƙofar, sai na ji wani dattijo yana cewa, "Ma sha Allah, ashe Mahadi ne ke riƙe da wurin nan." Mahadi ba wawa ba ne. Ya dafa ƙirji, ya ce ai ba komai, yi wa kai ne.

Wata na biyu Alhaji Salih mai injin niƙa ya zo da kansa, ya ce duk marayan da ya zo buga takardar makaranta in sa a sunansa. Na ce sai da lambar sirrinsa. Ya karɓi alli ya rubuta ta a bango, saman kwamfuta, da manyan lambobi. Mahadi ya ji labari, ya tsaya a bakin ƙofa yana tare mutane kamar mai neman fasinja: "Hajja, me za a buga? Sa a sunana." Na kafa tsari don in san wa ya buga me, yanzu ba na sanin komai sai wa ya fi son a gan shi. Lambobin sirrin ƙauyenmu har 'yan talla sun haddace su.

Ga abin da ya ɗaure ni. Wurin bai taɓa samun lafiya kamar yanzu ba. Tawada ba ta yankewa. Mun gyara batirin sola. Ɗalibai suna buga darussansu ba sa biyan ko sisi, don kullum akwai mai kuɗin da ke son ya wuce ɗan'uwansa kafin ƙarshen wata. Lajna tana sa mini albarka. Awakin Inna Mero sun daina tsufa. In da za ki zo ki duba, za ki ce na yi nasara, ko da yake ba ta hanyar da na shirya ba.

Ba kowa ne ya ji daɗi ba. Akwai wata Hanaa da mijinta ya rasu a hanyar gudu, tana bin takardun gonarsa. Da can kusan kullum tana wurinmu. Sau ɗaya aka buga mata a sunan Mahadi, washegari ya ba da labari a wurin shan shayi, cikin jerin alherinsa. Tun daga nan mota take shiga zuwa Sinja. Na ce mata ta yi amfani da sunanta, sai ta ce ba ta da abin biya kowane wata, kuma ba ta son sunanta a ƙofar titi. Na tabbata akwai irinta da ban lura da su ba, don wanda ya daina zuwa manhaja ba ta ƙirga shi.

Shi kuwa Baffa, wata bayan wata yana ƙasa da sifirinsa. Taubashinsa Sharfuddeen, wanda tun suna yara suke tsokanar juna, ya fara ce masa Alhaji Sifiri. Daga bakin taubashi wasa ne, kuma Baffa ya rama, ya ce gara sifiri da mai bin jana'iza don shinkafa. Amma sunan ya bar bakin Sharfuddeen ya shiga bakin waɗanda ba su da wasa da shi. Wata rana ya kawo rabin kwalin takarda kamar da, na ce masa akwai a ajiye, ya bar kuɗinsa. Da kyakkyawar niyya na faɗa. Ya ɗauki kwalin ya koma da shi ciki. Bayan haka gadon igiya bai sake zuwa bakin ƙofa ba, jabana ma ta tsaya.

Na ba shi shawarar ya bar mutane su buga a sunansa kamar sauran. Ya dube ni ya ce, "In shiga layi a auna ni da Mahadi? Ubansa a gonata ya koyi tsinkar auduga." Gaskiyar da ni da shi muka sani, ba mu faɗa ba, ita ce ko ya shiga layin, a tsakiya zai tsaya. Da can rabin kwalinsa ya ishi ƙauye, don ba wanda ya aza shi kusa da na wani.

Cire sunansa a lokacin na ga kamar in tabbatar da maganar mutane ne, a ce an ɓoye shi don kunya. Sai na yi dabara ta biyu, wadda ta fi ta farko wayo, ta kuma fi ta wauta. Watan da ya wuce na riƙa shigar da takardun ɗalibai a sunansa ba tare da kowa ya sani ba, na biya daga albashina. Da takarda ta fito, Baffa ne na uku. Har na zaɓi na ukun da hankali, don na ɗaya zai yi yawa. A ƙofar masallaci aka fara yi masa barka, Sharfuddeen yana cewa sifiri ya haihu. Baffa ya tsaya a gaban kowa ya ce shi bai buga ba, bai biya ba, bai kuma sa kowa ba. Yanzu rabin ƙauye na cewa tawali'u ne, rabi na cewa tsufa ya fara taɓa shi, yana ba da kuɗi yana mantawa.

Shi ne ya aika a kira ni ranar Juma'a. Ba ta ƙofar ciki ba, ta ƙofar gida, aka zaunar da ni a diwan inda ake sauke baƙi maza da masu neman aure. Inna Mero ta kawo shayi a kofunan nan masu bakin zinariya da ni nake wanke su ina yarinya, ba a barina in sha a ciki. Ba ta dube ni ba. Baffa ya tambaye ni aiki, ya tambaye ni lafiyar na'urori, bai ce Hajiya ba. Sannan ya ce, "Da kin bar ni a ƙasa da gaskiyata. Na saba da wurin." Na fara bayani, bayanina kuwa yana da kyau, na shirya shi tun a hanya. A nan ne ya ce in sha shayina kada ya huce.

Da na gama sha ya ce ba zai karɓi ɗakin ba, abin da ya bayar ya bayar. Amma ya yi magana da magini, da zarar an gama yankan dawa za a toshe ƙofar cikin, don wurin ya zama na jama'a sosai, kada gida ya riƙa damun aiki. Ya raka ni har zaure, abin da bai taɓa yi ba, don ba a raka 'yar gida. Ya ce in gaida mutanen lajna. Ina jin sa ya tura ƙyaure a hankali, ya sa sakata, ni kuma na bi titi na zagaya zuwa ɗakin da bango ɗaya ne tsakaninsa da inda na sha shayin.

Hajja, in na cire takardar daga ƙofa, gasar ta mutu, ɗalibai su koma biya, ko awaki su koma tsufa. In na bar ta, ina manna wulaƙancin Baffa da hannuna kowane wata. Wata ƙawata, Tasneem, ta samo mini aiki a Madani, kuma ina jin kamar in miƙa makulli in tafi, ko ba komai ya huta da ganina. Ban saba kuskure a lissafi ba, kuma har yanzu ban ga inda lissafin ya karkace ba. Amma ina so in ji an ce mini Uwata ko sau ɗaya kafin ɗayanmu ya mutu, shi kuwa ya haura saba'in. Me zan yi?

Mai riƙe da makulli,
daga wani ƙauye kusa da Sinja

*

'Yata mai makulli,

Na karanta wasiƙarki sau biyu. Karon farko na yi dariya a kan Alhaji Salih da allinsa, karo na biyu ban yi ba. Ki kwantar da hankalinki, wanda ya yanke ki daga zuciyarsa ba ya ɓata lokaci yana zaɓa miki kofi. Baffanki yana fushi ne, kuma yana so ki gani. Kin gani.

Bari in fara da inda kike da gaskiya, don na lura kina bukatar a faɗa miki kafin ki saurari sauran. Ƙirgar ba laifi ba ce. Wurin da ke rayuwa a kan awakin tsoho ɗaya, ranar da awakin suka ƙare shi ma ya ƙare, kuma waɗanda za su fi shan wuya su ne irin su Hanaa. Baffanki ma yana da nasa rabon a wannan rikici. Ya fi son a sayar da garken matarsa da a ce ya gaza, kuma ba na jin an nemi ra'ayin Inna Mero kafin a kai ta farko kasuwa. Kada ki rushe tsarin don ki wanke kanki.

Kin ce ba ki ga inda lissafi ya karkace ba. Bai karkace ba, don haka ki daina nema a can. Ki duba wani wuri: sau uku kika yanke hukunci a kan mutumin nan, ba ki tambaye shi ko sau ɗaya ba. Kin hana shi bayarwa don ki cece shi, kin manna sunansa don ki yabe shi, kin yi ƙarya da sunansa don ki ɗaga shi. Duk ukun don ƙauna kika yi, na yarda. Amma a duk ukun shi aka yi wa, ba da shi aka yi ba. Mutumin da ya ɗauki nauyinki tun kina marainiya ya wayi gari ke ce ke lallaɓa shi a ɓoye, kamar mara lafiyar da ake ɓoye wa sunan cutarsa. Wannan ne ya fi sifirin ciwo.

Ga abin da nake ganin za ki yi. Ki fara da lajna, don a can kika yi ɓarnar farko. A gaban mutanen da suka yi dariya ranar nan, ki ce maganar da kika faɗa wa Baffa ba ta dace ba, kin janye ta. Ki kuma ce ke kika sa shi na uku da kuɗinki, bai sani ba, abin da ya faɗa a ƙofar masallaci gaskiya ne. Wannan ba ya jira, don a yanzu haka ana ce wa mai cikakken hankali ya fara ruɗewa saboda ke. Ki faɗa a taƙaice. Kin iya magana mai kyau, kuma wannan ranar iyawar ba za ta taimake ki ba. Kada ki ambaci awaki.

Sai takardar ƙofa. Abu biyu kika haɗa a shafi ɗaya, ki raba su. Abin da mutum ya buga da abin da zai biya tsakaninki da shi ne, ki ba shi a hannu ko ki tura masa ta waya. Gudummawa kuwa, tunda ƙauyenku na son kashfi, ki bar su da shi, amma na gaskiya: asusu ɗaya na wurin, wanda ya zuba kuma yana son a rubuta shi, lajna ta rubuta. Wanda bai zuba ba babu sunansa, balle sifiri. Mahadi da Alhaji Salih za su ci gaba da tserensu, ba lallai da zafin da ba, kuma mai yiwuwa wata ɗaya ko biyu tawada ta yi muku wuya. Ki yarda da wannan asarar. A madadinta, wanda aka buga wa daga asusun ba zai san kuɗin wa ya ci ba, mai kuɗin ma ba zai san wa zai ambata a wurin shayi ba.

Kada ki rataya allo da sunan Baffa a ɗakin, kada ki shirya masa taron godiya. Na san tunanin zai zo miki, kuma zai zama na huɗu.

Abin da za ki yi masa ya fi haka sauƙi, ya kuma fi wuya a wurin mace irinki. Ki je ki roƙe shi abu. Ke da bakinki kika ce akwai waɗanda suka daina zuwa ba ki san su ba. Shi ya san su. Ya san gidan da ba a ɗora tukunya ba kuma ba za a faɗa ba, ya san wadda za ta gwammace ta yi tafiyar yini da a ji sunanta. Ki ce masa kin kasa gane su, ki tambaye shi yadda za a yi takardunsu su zo su koma ba tare da ido ya gani ba. Wannan ba dabara ba ce, bukata ce ta gaske, shi ya sa nake ba ki ita. In ya ba da hanya, ki bi tasa ko da kina ganin taki ta fi. In kuma wata rana ya sake kawo rabin kwali, ki miƙe ki karɓa da hannu biyu, ki buɗe shi a ranar.

Ranar da za ki je, kada ki zauna a diwan. Ki wuce madafa wurin Inna Mero, ita ma kina da haƙurin da za ki ba ta, ki ɗauki abin wankewa ki wanke. In an kawo kofi mai bakin zinariya, ki mayar da shi inda yake zama, ki ɗauko naki na da.

Maganar ƙofa, kada ki roƙe shi a kanta. Gidansa ne. Ya ce sai an gama yankan dawa, alhali magini ba ya wuyar samu, ni a ganina lokaci ya ba ki. In kuma ya toshe, tubali ne, wanda ya jera shi zai iya sauke shi. Madani kuwa ki ce wa Tasneem ta ɗan jira. In kika tafi yanzu, kin bar shi da sunan da aka laƙaba masa da kuma ɗakin da ya raba shi da 'yarsa, wannan ba hutu ba ne.

Ba zan yi miki alkawarin zai ce Uwata a zuwan farko ba. Tsofaffi suna saurin yafewa a zuci, bakinsu ne ke jinkiri. Kina iya shan Ustaza har wani lokaci, ki amsa ba tare da ɓata fuska ba, ki dawo washegari. Sunan mahaifiyarsa ne a kanki, shi ma yana kewar faɗinsa.

Allah Ya sanyaya zuciyarsa, Ya ba ki haƙurin jira, Ya bar ku tare har ki gaji da jin sunan.

Hajja Aminat